Zaɓen Masauki a Birnin Fas: Nasiha ga Mai Niyyar Ziyara

Daga cikin biranen Musulunci na ƙasashen Magrib, da wuya a sami wanda sunansa ya zauna a bakin mutanen ƙasar Hausa kamar Fas ta ƙasar Maroko, domin kuwa almajirin da ya soma nahawu da littafin Ajuruma yana ɗiba ne daga ilmin wani malami da ya rayu a can, ya kuma rasu a can a shekarar 1323, haka nan muridin da ke zaman wazifa ya san a can ne Shehu Ahmadu Tijjani ya yi zamansa na ƙarshe, aka kuma binne shi a zawiyarsa a 1815. Saboda wannan daɗaɗɗiyar alaƙa jama'armu kan ɗaura niyyar zuwa, wasu don ziyara, wasu don neman ilmi, wasu don fatauci. Sai dai da yawansu kan ƙarar da shawararsu a kan biza da tikitin jirgi da guzuri, su bar zancen masauki sai an kusa tashi, alhali kuwa a wannan birni, inda mutum ya ajiye jakarsa shi ke yanke masa hukuncin yawan abin da zai gani, da yawan sallolin da zai samu cikin jam'i a masallatan da ya yi marmarinsu tun yana gida.

Abu na farko da ya wajaba matafiyi ya sani shi ne, Fas birane uku ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai Fas al-Bali, tsohon birnin da Maulaya Idris na ɗaya ya aza harsashinsa a ƙarshen ƙarni na takwas, ɗansa Idris na biyu ya raya shi, inda wata baiwar Allah Faɗimatu al-Fihriyya ta gina masallacin Ƙarawiyyin a 859. Akwai Fas al-Jadid, wadda sarakunan Banu Marin suka gina a 1276, nan fadar sarki take. Sa'an nan akwai sabon gari mai faffaɗan titi wanda Faransawa suka shata bayan 1912, inda tashar jirgin ƙasa take da manyan otal-otal. Kowane masauki a cikin ukun nan yakan rubuta cewa yana Fas, kuma bai yi ƙarya ba, amma wanda ya zo domin zawiya ya wayi gari a sabon gari zai tarar tsakaninsa da muradinsa akwai tafiyar mota, da tafiyar ƙafa bayan mota, safe da yamma.

Dalilin da ya sa wannan zance ya yi nauyi shi ne, mota ba ta shiga mafi yawan tsohon birni. Lungunansa, waɗanda ake cewa sun haura dubu tara, wasu ba su wuce faɗin mutum biyu ba, kuma har yau jakai da alfadarai da amalanke ne ke ɗaukar kaya a cikinsu. In ka ji ana kiran “balak, balak” daga bayanka, to ka manne da bango, dabba ce tafe da lodi. Bugu da ƙari birnin a kan gangare yake: daga ƙofar Bab Bujulud da ke sama, manyan hanyoyi biyu, Dala'a Kabira da Dala'a Sagira, suna gangarawa har ƙasan kwari inda Ƙarawiyyin take, ta yadda tafiyar da mutum ya yi da safe cikin nishaɗi, ita ce zai hawo da daddare bayan gajiyar yini. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ya kamata a yi wa mai masauki tun kafin a tambayi kuɗin ɗaki, ita ce: wace ƙofa ce mota ke tsayawa mafi kusa da gidanku, kuma minti nawa dattijo mai ɗauke da jaka zai yi daga nan zuwa bakin ƙofarku? Nisan da taswira ke nunawa ba ya faɗin hawa da gangara.

Larabawa na cewa a zaɓi maƙwabci kafin gida, kuma a Fas wannan magana ta zama ƙa'ida. Wanda babbar niyyarsa ziyarar Shehu ce, da halartar wazifa da zikirin Juma'a bayan la'asar, da sallar asuba a Ƙarawiyyin, musamman in yana tare da mahaifi ko mahaifiya masu ciwon gwiwa, to ya nemi masauki a wajen dandalin Rasif, domin nan ne mota ke iya kutsawa har ƙasan kwari, kuma daga nan zuwa masallacin da unguwar Bilida, inda zawiyar take, tafiya ce gajeriya wadda ba ta da hawa mai tsanani. Sai dai ya lura da maƙwabta biyu. Na farko majemar Shuwara, inda ake jiƙa fatu cikin ramukan farar ƙasa da kashin tattabaru, har akan miƙa wa baƙo reshen na'ana'a ya kara a hanci. Wannan wari, in zafi ya yi kuma iska ta juyo, yakan kai gidajen da ke kusa. Na biyu dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla ke bugun tukwane da faranti tun hantsi har yamma, sana'a mai daɗin kallo wadda ba ta barin mai ƙailula ya runtsa.

Wanda kuwa ya zo da iyali domin ganin gari, ko mai ƙarfin ƙafa da ke son sauƙin shiga da fita, unguwar Batha da kewayen Bab Bujulud sun fi dacewa da shi, saboda tasi na samuwa dare da rana, ga gidajen abinci, ga madarasar Bu Inaniyya ta ƙarni na sha huɗu a kusa. Illarta kawai hayaniyar da ba ta kwantawa da wuri, wadda maganinta shi ne a zaɓi gidan da ya ɗan shige cikin lungu, nesa kaɗan da bakin babbar hanya.

Mafi yawan masaukan tsohon birni gidajen attajirai da malamai ne na da, waɗanda aka gyara aka mayar wurin saukar baƙi, ana kiran babba mai lambu a tsakiya riyad, ƙarami kuma dar. Daga waje ba ka ganin kome sai dogon bango da ƙofar katako mai ƙusoshi, amma da an buɗe ka bi wani ɗan siririn zaure mai lanƙwasa, sai ka ɓulla tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa, an shimfiɗe ƙasa da bango da ƙananan tayil masu launi da suke kira zallij, sama da su sassaƙen farar ƙasa, sama da shi kuma katako mai ƙamshi daga duwatsun Atlas, ɗakuna duka suna fuskantar ciki. Maigidan irin wannan wuri, in Allah ya haɗa ka da nagari, matsayinsa a wurinka kamar na fatoma ne a wurin fatakenmu na da: shi zai aika a tarye ka, shi zai nuna maka hanya, shi zai gaya maka farashin gaskiya na abin da kake so ka saya.

Amma kyawun gini ba ya kawar da larurar jiki. Waɗannan gidaje masu hawa biyu ne ko uku, matakalarsu ƙunci gare ta da tsayi, kuma galibinsu ba su da lifta. Saboda haka mai tafiya da tsoho ya nemi ɗakin ƙasa tun a wasiƙar farko, ya kuma sa a tabbatar masa a rubuce. Ɗakin ƙasa yana da sanyi mai daɗi a watannin Yuli da Agusta, lokacin da zafi kan haura digiri 40, amma daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ake ruwan sama da sanyi mai ratsa ƙashi, yakan yi duhu da danshi, don haka a tambaya ko akwai na'urar ɗumama ɗaki da ruwan zafi a kowane lokaci. Ɗakin sama ya fi haske da iska, ya kuma fi ɗaukar zafi. Tun da tagogi duka tsakar gida suke kallo, sauti yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, wanda ke da yara ƙanana, ko jama'ar da ke son raya dare da zikiri, ya fi musu alheri su kama ƙaramin dar gaba ɗayansa, kada su cutar da wasu baƙi.

Akwai kuma tambayoyin da Musulmi bai kamata ya ji nauyin yi ba. Wasu daga cikin gidajen nan mallakar Turawa ne, an shirya su domin masu yawon buɗe ido, ana sayar da giya a cikinsu, wasu kuma a hannun iyalan Fas suke, sun san bukatar mai ziyara tun kafin ya faɗa. A tambaya da ladabi ko ana shan giya a gidan, ko banɗaki yana da butar tsarki ko mesa, ko akwai mai buɗe ƙofa kafin asuba ga mai fita masallaci, ko ana shirya sahur in watan azumi ne. Wanda ya dace da gida kusa da masallaci zai ji daɗin zama, domin mutanen ƙasar mazhabar Malikiyya suke bi, kuma da ruwayar Warshu suke karanta hizbi cikin jam'i bayan asuba da magariba, karatun da kunnen Bahaushe ya saba da shi tun daga makarantar allo.

Sabon gari ma yana da mutanensa, bai kamata a raina shi ba. Ɗan kasuwar da zai kwana biyu ya wuce, da mai keken guragu, da wanda zai kama jirgin ƙasa da sassafe zuwa Kasablanka, tafiyar kimanin awa huɗu, da ayari mai yawan kaya, duk otal mai lifta wanda mota ke tsayawa a ƙofarsa ya fi musu. Jajayen ƙananan tasi na garin za su kai su bakin tsohon birni, sai dai su tabbata direba ya kunna mita.

Game da isowa, filin jirgin sama na Fas yana kimanin kilomita 15 daga gari, kuma hankali shi ne baƙo ya yi ƙoƙarin isa da rana, ya sanar da mai masauki lokacinsa, ya roƙa a turo wanda zai tarye shi a ƙofa da mai amalanke, a kuma yanke ladan ɗaukar kaya kafin a ɗora. Zai haɗu da samarin da za su ce masa hanyar ta toshe ko gidan ya rufe, don su ja shi wani wuri. Ya yi musu sallama ya gode, ya buga wa maigidansa waya. Matambayi ba ya ɓata, amma ya tambayi mai shago da ke zaune a bakin sana'arsa. Za a karɓi fasfo a cika takardar baƙi, ma'aurata kuma su riƙe kwafin takardar aurensu, tun da wasu masaukai sun saba nema. A tambaya ko harajin kwana da karin kumallo suna cikin farashi, a kuma tanadi dirhami a hannu, domin ƙananan gidaje da yawa ba su karɓar kati. Lokacin Maulidi da watannin bazarar can, wato Afrilu da Mayu, gari kan cika, sai a kama ɗaki tun da wuri.

Araha ba ta ado, tsada kuma ba ita ce shaidar dacewa ba. Matafiyi ya fara da tambayar kansa abin da ya fito nema, ya auna ƙarfin mafi rauni a cikin ayarinsa, sa'an nan ya zaɓi ƙofa, ya zaɓi unguwa, ya zaɓi gida, bisa wannan jeri. In ya sauka kuma ya kiyaye haƙƙin masu gida da maƙwabta, ya sassauta murya, ya kyautata wa ma'aikata, domin da halinsa za a auna 'yan'uwansa da za su zo bayansa. Allah ya kai kowa lafiya, ya karɓi ziyara, ya komo da shi ga iyalinsa cikin aminci.