Masu Jiran Motsin Ƙyaure

'Ya'yana, yau da ku nake magana, ku da ba ku taɓa kai ƙwaya baki ba amma ƙwaya ta hana ku barci. Ke ƙanwarsa, kai wansa, da ke amaryar da ko shekara ba ki rufa ba kika tsinci kwalaben maganin tari a bayan gado. Duk wanda ya shigo gidan, tambayarsa ɗaya ce: yaya za a yi da shi? Ku kuwa ba mai tambayar yadda kuka kwana.

Na san wannan zama domin na yi shi. Ɗana na uku ne. Shekara huɗu ina kwana da makullin ɗakina ƙulle a bakin zani. Tun daga yadda ya turo ƙyauren gida nakan gane abin da ya sha. In ya turo a hankali, wiwi ne, zai buɗe tukunya ya ci ya kwanta. In ƙyauren ya bugi bango, sai in tashi ƙannensa su dawo ɗakina. 'Yan kunnen zinaren da na gada wajen mahaifiyata, wari ɗaya ya rage mini. In maƙwabciya ta tambaye shi, in ce zazzaɓi ne. In mai shayin bakin layi ya zo biyo bashi, in lallaɓa zaure in biya kada babansa ya ji. Ni a zatona rufin asiri nake yi, ashe duk kuɗin da na biya, hanya nake share masa zuwa kwalba ta gaba.

Wadda ban lura da ita ba ita ce autata. Shekararta goma sha huɗu a lokacin. Ta daina kawo ƙawaye gida, ta rame, ta iya shirya ƙarya nan take, kuma a bakina ta koya. Wannan har yau yana ci mini rai.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. A 2018 aka hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a Nijeriya, bayan wani fim ɗin bincike na BBC ya tona yadda ake sayar da shi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara ɗaya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kowannensu yana da uwa ko mata ko ƙane da ke kasa kunne da dare.

A bencin asibiti, muna jiran likita, na fara buɗe baki. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke ma naki ne?" Na ce nawa ne. Kuka muka yi tare, ba mu ma san sunan juna ba. Wata nas ce daga baya ta ba mu labarin cewa a Amurka irin wannan zama yana da suna. A 1935 aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous don mashaya giya masu son dainawa. Matansu, suna jiran mazan su fito daga taro, suka gane su ma ciwon ya taɓa su. A 1951 Lois Wilson, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ta haɗu da ƙawarta Anne suka tsara Al-Anon don iyalai. A 1957 aka samu Alateen don yara irin autata, sannan Nar-Anon ta zo don iyalan masu shan ƙwaya. Ba a biyan kuɗin shiga. Sunan farko kawai ake faɗa. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake kwana.

Abu uku suke nanata wa juna: ba kai ka jawo ba, ba za ka iya juya shi ba, ba kuma a hannunka warakarsa take ba. Da na ji haka sai na tuna Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗansa da ya ƙi shiga jirgi. Ni da na yi shekaru ina tuhumar tarbiyyata, ranar na yi barci har asuba.

Mu shida muka fara irin wannan zama, ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin wadda mijinta ya yarda. A can na koyi ba ɗana abinci in hana shi kuɗi. Na koyi barin magana har gari ya waye, domin mai maye ba ya jin kira. Na daina cewa zazzaɓi ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, amma ana kai shi wajen mai magani. Mai barin kodin ko tiramadol yakan sha ciwon jiki da gudawa da rashin barci, don haka likita yake buƙata, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato. Ku yi hattara da gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Ke amarya, in ya fara ɗaga miki hannu, ki tafi gidanku ki faɗa wa manya. Haƙurin da addini ya yaba bai ce ki tsaya a illata ki ba.

Kada ku jira sai wata ƙungiya mai rajista ta zo unguwarku. Ku nemi mutum biyu da kuka san halinku ɗaya, masu riƙe amana, maza da maza, mata da mata, ku sa rana. Ɗan nawa yanzu shekara biyu ke nan yana sana'arsa ta walda. Sau ɗaya ya koma ruwa, aka sake kai shi asibiti, kuma har gobe ina zuwa zaman Asabar. Autata ta bi ni sau uku ba ta ce uffan ba, sai wasa da gefen tabarma. A na huɗu ta ɗago kai ta ce, "Mama, ni ma ina jin ƙarar ƙyauren nan." Muka yi shiru, muka bar ta ta faɗi nata har aka kira magariba.