KITSE A HANTA: BAƘON DA BA YA SALLAMA

A ƙauyukanmu na ƙasar Dambatta da Bichi mun saba ɗaukar ƙiba alamar wadata. Idan mutum ya yi teɓa, sai a ce ya samu duniya. Darasinmu na wannan wata zai nuna mana abin da teɓar take ɓoyewa.

Hanta ita ce ke tace jini, tana kuma sarrafa abincin da muka ci. Idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta, likitoci suna ce da ita hanta mai kitse. Ciwon yakan shekara da shekaru ba zafi ba alama. Daga baya hantar ta kumbura, ta yi tabo, wani lokaci ta ƙandare ta kasa aiki. Masu ƙiba da masu ciwon sukari sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Me ya kawo shi gare mu? Iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, iyayenmu mata kuma da taɓarya suke surfe. Yau babur da inji sun karɓi aikin, lemon kwalba da shayi mai yawan sukari kuma sun zama abin marmari. Sukarin da jiki bai ƙona ba, hanta ce ke mayar da shi kitse.

Abin farin ciki, hanta tana farfaɗowa. Wanda ya rage kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsen hantarsa zai ragu. Idan ya kai kashi 7 zuwa 10, kumburin ma yakan lafa, tabon ya sassauta. Ga mai kilo 90, kashi 10 shi ne kilo 9, a sauke shi a hankali cikin watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka:

1. A yi tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, musamman da rani bayan an kai amfanin gona gida. Minti 150 ke nan, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta.
2. A riƙe tuwon dawa da gero, wake, zogale da rama, amma a rage malmala. Fura ba sai da sukari ba.
3. A bar burkutu da giya, domin suna ƙara wa hanta rauni.
4. A guji haɗe-haɗen rage ƙiba na 'yan talla ranar kasuwa.
5. Mai ƙiba ya je asibiti a gwada jininsa, a ɗauki hoton hantarsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya.