Eriyar tele: ta jirgin ruwa daban, ta gida daban

Gulbin Maradi yana bi ta gefen Jiratawa, amma ruwansa na damina ne, jirgi ba ya zama a cikinsa. Sai an je tabkin Madarunfa ake ganin kwale-kwalen masunta. Duk da haka, abin da ke damun masu jirgi zai amfani manomin da ya sayar da zogale yana shirin sayen tele.

Eriya iri biyu ce. Akwai mai kama da ƙayar kifi. Ita tana ɗauko hoto daga dogon ƙarfen tasha da ke kafe a ƙasa. Tana son tsawo, kuma sai an juya bakinta wajen ƙarfen. Akwai kuma faifan nan da ake kira parabol. Shi yana kallon tauraron ɗan Adam, wanda ke sama da nisan kilomita kusan 36,000. Tauraron yana juyawa tare da duniya, shi ya sa kullum yana wuri ɗaya. Idan faifan ya goce ko kaɗan, hoto ya tafi.

To, jirgi ba ya tsayawa cik. Igiyar ruwa tana kaɗa shi, matuƙi yana juya shi. Saboda haka eriyar ƙasa ta jirgi zagayayya ce, tana kamawa ta kowace kusurwa. Amma ba ta kai mai ƙayar kifi ƙarfi ba, kuma in jirgi ya yi nisa da gaɓa sai hoto ya ɓace. Parabol ɗin manyan jiragen teku kuwa a cikin farin ƙoƙo yake, da ƙananan injuna masu juya shi don kada ya rabu da tauraro. Yana da tsada ƙwarai, yana shan batir. Mai kwale-kwale dai rediyo ya ishe shi.

Gida ba ya yawo. Mai gida ba ya bukatar faifai mai inji, abin da yake bukata shi ne kafi mai ƙarfi. A kafa ƙarfen faifan da siminti. Kada a ɗaura shi a jikin icce ko katangar laka, domin iskar hadari za ta karkata shi, a sake biyan mai gyara. A duba kada reshen dogon yaro ya tare masa gaba.

Kafin a ba da kuɗi, a tambayi maƙwabci abin da tasa eriyar take kamawa. A tambayi mai kanti: wannan dikoda tana kawo Tele Sahel kyauta, ko sai an riƙa biya duk wata? Tashoshin Hausa nawa ne a ciki?

Idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hoton parabol yakan ɗauke. Ba lalacewa ya yi ba. Kada a tura yaro ya taɓa faifan. In ana tsawa, a cire wayar eriya da ta wuta, a jira hadari ya wuce.