KUDUDDUFI A CIKIN KWALABA

Da zarar damina ta kai tsakiya, kududdufai da tabkuna suka cika, lokaci ya yi na wani ɗan aiki wanda ba ya cin kuɗi, ba ya cin ƙarfi, amma akwai ilmi a cikinsa ga manomi. Aikin kuwa shi ne a ɗebo ruwan kududdufi da lakarsa da ciyawarsa, a zuba a cikin kwalaba, a toshe bakinta a ajiye. Wanda bai taɓa gani ba zai ce kafin kwana uku kome zai ruɓe. To, in an haɗa daidai, 'yan halittun da ke ciki sukan rayu, su hayayyafa, har watanni, wani lokaci ma shekaru, ba mai ba su abinci, ba mai sake musu ruwa.

ASALIN ABIN

Cikin shekarar 1829 wani likita a birnin Landan, ana ce da shi Nathaniel Ward, ya rufe tsutsar wani ƙwaro da 'yar danyar ƙasa a cikin kwalaba, yana so ya ga yadda za ta yi fiffike. Sai ga tsiro ya fito daga ƙasar, ya yi ta girma ba ban ruwa. Daga nan ya ƙera akwatuna na gilashi, cikin 1833 ya aika da tsire-tsire a cikinsu ta jirgin ruwa har Ostareliya, suka isa da ransu. Da irin akwatunan nan ne daga baya aka ɗauki dashen shayi daga ƙasar Sin zuwa Indiya, aka kuma kai dashen roba daga Ingila zuwa Asiya cikin 1876.

Wani masanin haɗa magunguna kuma, Robert Warington, ya gwada da ruwa. Ya sa ƙananan kifaye biyu da ciyawar ruwa a cikin babban tulun gilashi. Da tsofaffin ganyaye suka soma ruɓewa sai ruwan ya gurɓace. Ya kawo katantanwa biyar ko shida ya zuba, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya koma garau. Cikin 1850 ya bayyana wa masana abin da ya gani, watau dabba da tsiro suna iya riƙe juna a ruwa ɗaya ba tare da an sake shi ba.

ME YA HANA SU MUTUWA?

Zaman cikin kwalaba zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, tsakanin iri uku.

Na fari ciyawa da gansakuka. In haske ya same su sukan haɗa abincinsu da ruwa da iskar da dabbobi suke fitarwa, sa'an nan su saki iska mai rayarwa, wadda masana suke kira oksijin. Ana iya ganinta da ido: da hantsi sai a ga 'yan kumfa kamar ƙwayar gero sun jeru a jikin ganye suna tashi sama.

Na biyu dabbobi, watau katantanwa da ƙuman ruwa da 'yan tsutsotsi. Su ke cin gansakuka, su shaƙi iskar da ciyawa ta saki, su mayar mata da wadda take bukata. Kashinsu kuwa taki ne.

Na uku su ne ƙwayoyin halitta na cikin laka, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Duk abin da ya mutu, ko ganye ko ƙwaro, su ke ruɓar da shi ya koma taki, ciyawa ta sha. Ruwan ma ba ya tafiya ko'ina. In rana ta yi zafi ya tashi ya zama raɓa a jikin murfi, in an yi sanyi ya gangaro. Abu ɗaya tak ke shiga daga waje, shi ne haske.

YADDA AKE HAƊAWA

A samo kwalaba fara mai faɗin baki, irin wadda ake zuba alewa a kanti, mai cin kamar lita biyu zuwa huɗu. A wanke ta da ruwa zalla, kada a bar sabulu ko kaɗan. Wadda aka taɓa zuba kananzir ko maganin ƙwari a ciki ba ta yi.

A tafi kududdufin da yake da ciyawa, ruwansa ba ya wari, ba kuma kwatar gari ce take malala ciki ba. A ɗebo laka daga bakin ruwa a shimfiɗa a gindin kwalaba, kaurinta kada ya wuce inci ɗaya ko biyu. A ɗora 'yar tsakuwa. A tsinko ciyawar da take tsirowa a ƙarƙashin ruwa, reshe uku ko huɗu, a kafa a cikin lakar. Bado ya yi girma da yawa, kainuwa kuma takan rufe fuskar ruwa ta tare haske, sai dai in ƙarama ce ƙwaya ɗaya. Sa'an nan a zuba ruwan kududdufin a hankali, a bar kashi ɗaya cikin huɗu na kwalabar babu ruwa, gama wannan ne rumbun iskarsu.

A bar ta kwana biyu laka ta kwanta. In an ga ɗan kifi ko talibambam ko matsattsaku, a cire, domin kwalaba ba ta iya ɗaukar nauyinsu. Katantanwa biyu ko uku ƙanana sun isa. Bayan mako guda sai a ɗaure murfi tam, a ajiye ta kusa da taga ko a zaure inda haske yake shiga, amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Wannan shi ne babban sharaɗi. Ranar bazara in ta sami kwalaba a rufe, cikin yini ɗaya sai ta dafa duk abin da ke ciki.

Makonnin farko ruwa yakan yi duhu, wasu halittu su mutu. Kada a karaya, kada kuma a jefa musu tsaki ko garin tuwo don tausayi. A yi haƙuri, yakan washe. Amma in ruwa ya yi baƙi, ciyawa ta narke, aka buɗe aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, to wannan ta ɓaci, sai a sake wata a rage laka.

GARGAƊI

Ruwan kududdufi ba abin wasa ba ne. Wasu daga cikin katantanwarsa su ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda take huda fatar mutum ta shiga jiki har ya riƙa fitsarin jini. Katantanwa mai ɗauke da cutar tana iya yin makonni tana sakin tsutsar a cikin kwalaba. Saboda haka mai ɗiba kada ya shiga ruwa da ƙafa. Ya tsaya a gaɓa ya yi amfani da ludayi mai dogon mariƙi, ya sa safar roba ko ya ɗaura leda a hannu. Kada a bar yara su buɗe. Ranar da za a zubar kuma, a zubar a busasshiyar ƙasa cikin rana, nesa da rijiya.

Ƙuman ruwan nan da ake gani suna tsalle-tsalle, wani iri daga cikinsu shi ne yake ɗaukar kurkunu. Cikin 1988 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, yawancinsu manoma, kuma daidai lokacin aikin gona yake kwantar da su. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka ci ƙarfinsa, har cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Duk wanda ya ɗaga kwalaba ya ga yawan abin da ke yawo a ruwan da ido yake cewa mai kyau ne, ba sai an sake yi masa wa'azin tace ruwan sha ba. Gani ya kori ji.

DARASI GA MANOMI

Ga gwaji mai sauƙi. A haɗa kwalabe biyu iri ɗaya, rana ɗaya, daga kududdufi ɗaya. A jefa ɗan takin zamani, gwargwadon abin da yatsa biyu za su ɗauka, a cikin ɗaya, a bar ɗayar. Bayan mako biyu ko uku mai takin za ta yi kore shar kamar miyar kuka, gama gansakuka ta sami abinci fiye da kima. Daga nan sai ta tare wa ciyawa haske, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar ruwan, dabbobi su bi. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ke faruwa ke nan in aka zuba taki dab da saukar ruwan sama, ya wanke shi zuwa tabki: manomi ya yi hasarar kuɗinsa, masunci ya yi hasarar kifinsa. Mai kiwon kifi kuma ya lura, tsiro da rana kaɗai yake ba da iska, da dare shi ma shaƙa yake yi. Shi ya sa in ruwan kifi ya cika kore, da asuba ake ganin kifi sun taso sama suna buɗe baki. Maganinsa a rage abinci, a sake wani kashi na ruwan.

Ko manyan masana sun sha wannan darasi. A Arizona ta Amurka an gina wani gida na gilashi mai faɗin eka uku, aka zuba ƙasa da itatuwa da dabbobi, mutum takwas suka shiga aka rufe daga 1991 zuwa 1993. Ƙasar da aka zuba ta cika taki, ƙwayoyin cikinta suka yi ta shan iska, har oksijin ya sauko daga kashi 21 cikin ɗari zuwa 14, tilas aka hura musu daga waje. Tsarin da Allah ya yi wa duniya a kan ma'auni yake, in aka ƙara gefe ɗaya sai ɗayan ya karkata.

HUTUN ZUCIYA

Mutane da yawa a ƙasashe dabam-dabam suna ajiye irin wannan kwalaba don kallo kawai, suna cewa tana kwantar musu da hankali. Akwai alamar gaskiya a maganar. Cikin 2015 masana a Ingila sun auna mutanen da suka zauna suna kallon kifi a babban gidan kifi na garin Plymouth, suka tarar bugun zuciyarsu da hawan jininsu sun ɗan sauka. Wannan ba ya maye gurbin maganin likita, amma dalilinsa a fili yake. Akawu ya yini da lissafi, ɗan kasuwa ya yini da ciniki da masu bashi, manomi ya yini da tunanin ko ruwa zai kai kaka. Duk abin da mutum ya mallaka yana neman wani abu daga gare shi: akuya tana son dusa, gona tana son noma. Kwalaba kuwa ba ta neman kome. Sai dai ya zauna bayan la'asar ya ga katantanwa tana hawa gilashi a hankali tana share gansakuka, ƙuman ruwa suna kai da kawowa, tsutsa ta leƙo daga laka ta koma. Kafin ya farga numfashinsa ya daidaita.

Mai son ya ci cikakken amfanin abin, ya manna takarda a jikin kwalaba ya rubuta ranar da ya rufe ta da sunan kududdufin. Kowace Jumma'a ya duba ya rubuta launin ruwan, da yawan katantanwa, da abin da ya ƙaru ko ya ɓace. Malaman makaranta ma suna iya ajiye ɗaya a aji. Wanda yake so ya gwada bana ya hanzarta tun kududdufai ba su soma janyewa ba.