Ƙa'idodin Dubiya a Asibiti

Zumunta a ƙafa take. Idan aboki ya kwanta asibiti lalle ne a je a duba shi, gama ganin masoya yana ƙarfafa zuciyar majinyaci. Amma dubiyar da ba ta bi ƙa'ida ba takan jawo wa mai samun sauƙi sabon ciwo.

Mutanen Ƙanƙara suna da babban asibiti a garinsu. Na Faskari da Sabuwa sau da yawa Funtuwa ake kai su, in ciwo ya tsananta a wuce da su Asibitin Koyarwa na Shika, kusa da Zariya. Saboda nisa, jama'a sukan cika mota su tafi gaba ɗaya, su kewaye gado guda. A nan haɗarin yake. Jikin wanda ya tashi daga ciwo ba shi da ƙarfin korar ƙwayoyin cuta, waɗanda hannu da tari ke ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin majinyata 100 kamar 15 sukan kamu da wata cuta a asibitin.

Ga abin da ya kamata mai dubiya ya kiyaye:

1. Ya zo a lokacin da asibiti ya tsayar. A shiga biyu biyu, a gaisa, a yi addu'a, a fito.

2. Ya wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita. Kada ya zauna bisa gado.

3. Mai tari ko zazzaɓi ko gudawa ya aika da gaisuwa. Yara su tsaya gida, musamman saboda mashaƙo, wadda ta addabi Kano da Katsina a 2023.

4. Kada a ba da abinci sai an tambayi nas. Fura da sukari tana cutar da mai ciwon sukari, wanda aka yi wa tiyata kuwa ba ya ci sai likita ya yarda.

5. Kada a kawo jiƙo ko sassaƙe a ɓoye, domin yana iya ɓata aikin maganin likita.

6. Kada a ambaci waɗanda irin wannan ciwo ya kashe. Kuɗin magani ya fi dogon zama amfani.

Ana roƙon Hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa, malamansu kuma su karanta wa jama'a wannan takarda a majalisa da ranar kasuwa. Rigakafi ya fi magani.