Yadda Marubuci Ke Bitar Abin Da Ya Wallafa A Intanet

Duk wanda ya taɓa zama wurin darasu a tsangaya, ya ga yadda gardi, komai ƙarfin haddarsa, yakan kawo allonsa gaban alaramma a bi masa harafi harafi, wasali wasali, ba zai yi mamaki ba in an ce masa marubucin wannan zamani, wanda allonsa waya ce, ya fi gardin nan bukatar muraja'a, domin kuwa shi ba shi da alaramma sai kansa.

Abu na farko shi ne a bar rubutun ya kwana biyu, saboda muddin yana da ɗumi, ido ba ya karanta abin da ke rubuce, sai abin da zuciya ta yi nufi. In ya huce, sai a samu wuri shiru a karanta shi da murya a bayyane, kamar ana karanta wa dattijon da ake jin nauyinsa. Duk inda numfashi ya yanke ko harshe ya yi tuntuɓe, a nan jimla take da illa.

Daga nan sai tahƙiƙi, wanda shi ne mafi nauyi. Aya ko hadisi, sunan mutum ko shekara, kowanne a koma ga asalinsa a gwada, kada a dogara ga cewa haka aka gani wani ya turo.

Sa'an nan a bi ƙa'idar rubutu, musamman haruffan nan masu ƙugiya, waɗanda mutane suka raina alhali su ne ke riƙe da ma'ana. Ni kaina na taɓa yi wa wani malamina addu'a a bainar jama'a, ina nufin Allah ya kare shi, ashe yatsa ya zame ya ɗora wa harafin ƙugiya, addu'a ta koma Allah ya ƙare shi. Ban farga ba sai da almajiransa suka yi mini ca. A duba kuma raba kalma da haɗa ta, kada "yana" ta zama "ya na".

Yanke-yanke kuwa sai an daure, domin sau da yawa sakin layin da marubuci ya fi ƙauna shi ne wanda ya rubuta don a ce ya iya.

Idan kuskure ya tabbata, a gyara, a kuma faɗa a fili cewa an gyara, tun da Facebook yana ajiye tarihin gyaran ga mai son dubawa. WhatsApp kuwa minti 15 kacal yake bayarwa, kuma abin da aka riga aka tura wasu zauruka ya fi ƙarfin mai shi, sai dai ya bi sawu da sabon saƙo yana roƙon waɗanda suka yaɗa na farko su yaɗa wannan ma.