Matakan Shirya wa Uwargida Bazatar Ranar Haihuwa a Duwatsun Jos

Akwai bazatar da mace za ta shekara tana ba ƙawayenta labari, akwai kuma wadda za ta sa ta zauna a mota tana tunanin wa zai ɗauko yara daga Islamiyya, ga cefanen da ta bari a kwando zai ruɓe. Magidanta da yawa sun kashe kuɗi sun sayi irin ta biyun, don ba su tantance abin da ake ɓoyewa da wanda ake faɗa ba. A ganina, inda za a je shi ake ɓoyewa. Tafiyar kanta kuwa dole a sanar da ita da wuri. Matakan nan a kan haka aka gina su, kuma na zaɓi Jos ne saboda garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, ga duwatsu, kuma daga yawancin garuruwan Arewa ana isa a yini guda.

Mataki na 1: Tabbatar da ranar, ka kuma san ra'ayinta

Kada ka dogara da katin shaida. Mutanenmu da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu ne a takarda saboda ranar da aka je cike fom ba wanda ya tuna ainihin kwanan watan. Tambayi ƙanwarta ko yayarta. Idan surukarka za ka tambaya, to da lissafin watan Musulunci za ta ba ka amsa, "ana saura kwana uku Babbar Salla," sai ka nemi wanda zai juya maka shi.

Sannan ba kowace mace ke son bikin zagayowar ranar haihuwa ba. Malamai sun saɓa a kai, wasu na ganin bidi'a ce da koyi da wasu, wasu na ganin al'ada ce da ba laifi muddin ba saɓo a ciki. Idan matarka tana cikin masu ƙyamar kyandir da waƙar Turawa, kada ka ɗora mata. Ka bar kek ɗin, ka riƙe tafiyar da kyautar da addu'ar Allah ya ƙaro shekaru masu albarka. Babu malamin da ya hana miji fita da iyalinsa shan iska.

Mataki na 2: Gyara gida kafin ka taɓa batun mota

Nan ne aikin yake, kuma nan ne maza suka fi yin sakaci. Wa zai zauna da yara? Idan akwai na goye, da shi za a tafi, sai ka rage burin hawan dutse. Idan tana aiki, hutun kwana biyu ko uku ba ya samuwa da safiyar tafiya. Idan tana sana'ar gida, ɗinki ko snacks ko turaren wuta, akwai masu oda da ta yi wa alkawari, kuma sunanta ne zai ɓaci, ba naka ba. Saboda haka tun saura mako biyu ka ce mata, "Maman yara, ki share mana Juma'a zuwa Litinin ta makon sama, akwai inda za mu." Za ta tambaya har ta gaji. Ka yi murmushi ka yi shiru. Wannan jiran ma wani ɓangare ne na kyautar.

Mai mata fiye da ɗaya kuwa, ya yi hattara. Sananne ne cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Kai da ka ware ɗaya saboda ranarta, sai ka sanar da abokiyar zamanta da bakinka, ka daidaita rabon kwana, ka kuma sa a ranka cewa tata ranar tana nan tafe kuma ba za ta karɓi atamfa ɗaya a madadin Jos ba. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki tafiya biyu ba, gara ya rage ta farkon. Kada abokiyar zaman ta ji labarin a status ɗin WhatsApp.

Mataki na 3: Zaɓi lokaci

Ranar haihuwa ba ta gusawa, amma tafiya tana gusawa. Damina a Jos tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, ruwan ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma dutse mai jiƙa santsi gare shi. Disamba da Janairu akwai sanyi mai ratsa ƙashi, da dare yakan sauka zuwa wajen digiri 10, sannan hazon hunturu yana rufe nesa, sai ka hau har ƙololuwa ka ga fari fat. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, sararin sama garau. Idan ranarta ta faɗo a Agusta, ba ta kyautarta a ranar tare da alkawari a rubuce, a yi tafiyar da kaka.

Mataki na 4: Hanya da tsaro

Daga Kano ana bi ta Tudun Wada a ratsa dajin Falgore a ɓullo Saminaka. Daga Zariya da Kaduna ana bi ta Pambeguwa. Daga Bauchi ta Toro ne, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Daga Abuja kuma ta Keffi da Akwanga, a hau Hawan Kibo. Mai hali zai iya hawa jirgi zuwa filin Yakubu Gowon da ke Heipang.

Ba za a ɓoye ba, Filato ta sha rikici. Garin Jos ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, kuma ƙauyukan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu sun sha hare-hare a shekarun baya-bayan nan. Wannan ba ya nufin kullum wuta ake, mutane suna zuwa biki da kasuwa kowace rana. Abin yi shi ne ka sami mazaunin garin, aboki ko ɗan'uwa, ka kira shi saura mako guda, ka sake kira ana gobe tafiya. Shi zai faɗa maka unguwar da ta dace ka kama masauki da hanyar da za ka kauce wa. Ku tashi bayan sallar Asuba, ku shiga gari kafin La'asar. Tafiyar dare babu ita a wannan shiri. Kuma ko da ita ba ta san inda za a ba, lallai wani babba a danginka da wani a danginta su sani.

Mataki na 5: Kaya

Tunda ka ɓoye wurin, nauyin kayan sanyi a kanka yake. Macen da aka ce wa "za mu wani wuri" leshi da takalmi mai tsini za ta ɗauka. Haɗa baki da ƙanwarta ta samo maka lambar takalminta, ka sayo kambas mai kama ƙasa, safa mai kauri, rigar sanyi, da wando mai faɗi da za ta sa a ƙarƙashin doguwar riga. Hijabi har ƙasa yana harɗe ƙafa a kan dutse, matsakaici ya fi. Ƙara man shafawa don leɓe, darduma, buta, fulas ɗin shayi, ruwan sha wadatacce, da maganin da take sha idan akwai. Duk ka zuba a jaka guda ka ɓoye a but.

Mataki na 6: Ranar hawa

Duwatsun Shere suna gabas da gari, tafiyar kilomita goma ko kusa da haka, kuma ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829, ita ce mafi tsayi a tudun Jos. A nan ne cibiyar horar da matasa ta Man O' War take da makarantarta ta hawan dutse, don haka samun ɗan jagora ba wuya. Kada ku hau ku kaɗai. Hanyoyin suna rarrabuwa a tsakanin manyan duwatsu masu kama da juna, kuma akwai gonakin mutanen yankin, Afizere, da ba a ratsawa ba sallama. Ka yi ciniki da jagoran tun a ƙasa, ka kuma raɗa masa cewa kana son wuri mai faɗi da inuwa inda zai ɗan ja gefe ya ba ku fili.

Ku fara da sanyin safiya, wajen ƙarfe bakwai. A bar ta ta shiga gaba, takunta shi ne ma'auni. Macen da ba ta saba ba, minti ashirin na farko za ta fara haki, ta ce ita fa a mayar da ita. Kada ka yi mata dariya, kada kuma ka fara wa'azin motsa jiki. Ku zauna, ta sha ruwa, ka karɓi jakarta. Ba dole ne a kai ƙololuwa ba. Tun daga tsakiyar hawa ana hango garin shimfiɗe, da madatsar ruwa ta Lamingo tana ƙyalli, da rufin kwano ja-ja a tsakanin itatuwa. Mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa ko asma ko hawan jini, a tsaya da ita a gindin dutse, a shimfiɗa darduma a nan.

Mataki na 7: Kek da kyauta

Kada ka ɗauko kek daga gida. Awanni a but cikin zafin hanya da ramuka, abin da za ka buɗe ba zai yi kama da wanda ka biya ba. Yi oda a Jos, babban ya jira ku a masauki. Kan dutse ƙarami ya isa, wanda zai shiga roba mai murfi, ko ma dabino da kilishi da shayi mai zafi. Kyandir kuwa iskar Shere ba za ta bar shi ya kama ba, kada ka ɓata ashana.

Kyautar ta zama mara nauyi: zobe, ɗan kunne, agogo, ko takarda da ka rubuta da hannunka. Mazanmu suna jin nauyin faɗar magana mai daɗi baki da baki, to rubuta, ka ambaci abubuwa takamaimai da ta yi maka a shekarar, jinyar mahaifiyarka, ko haƙurin watannin da albashi ya makale. Ka miƙa mata bayan ta huta numfashinta ya dawo. Wayar kuma a ajiye ta tukuna. Hoto zai samu daga baya, kuma ita ce mai cewa a sa a intanet ko kada a sa.

Mataki na 8: Rana ta biyu, a sassauta

Ƙafafu za su yi tsami, don haka yawon ƙasa za a yi. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da sassaƙen yumɓu na Nok, a gefensa kuma akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Akwai gandun namun daji da aka buɗe a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk. Tafkunan da ke wajen Rayfield ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, suna da kyan hoto amma zurfinsu ba na wasa ba ne, a tsaya a baki. Masu komawa ta Abuja za su wuce Dutsen Riyom, wanda duwatsunsa ke ɗore kan juna, da kuma magangarar ruwa ta Assop a gindin Hawan Kibo, idan mai masaukinku ya ce hanya lafiya. A nemi gwaten acha a ci ko sau ɗaya.

Idan ke ce mai shiryawa

Uwargida ma tana iya yi wa maigida, sai dai a nan sirrin ya fi wuyar riƙewa, tunda ba za ki kama hanya da shi ba sai da yardarsa. Nemi amininsa ko ƙaninsa ya riƙe ɓangaren mota da masauki da tambayar tsaro. Ki gaya masa akwai fita, ki ɓoye abin da zai tarar a can. Ki kuma duba kada ranar ta faɗa kan cin kasuwarsa ko ƙarshen wata da aljihu ya bushe, don namiji ko an ce an biya komai sai ya sa hannu a aljihu.

Ko wa ya shirya tafiyar, ranar komawa ku biya kasuwar Farin Gada da sassafe. Dankalin Turawa, kabeji, karas da koren wake sun fi araha a can, idan kuma da rani ne za ku sami strawberry a bakin titi. A ware kason surukai, da na wadda ta riƙe yara, da na abokiyar zama idan akwai, kowanne a ledarsa tun a kasuwa. A sha mai a cika tanki kafin a bar gari, a kama hanya kafin ƙarfe goma.